Dokar aiki a Morishus da matashin da bai taɓa karɓar albashi ba

Morishus ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar tekun Indiya, gabas da Madagaska, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Lokacin da ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1968, sukari ne kusan duk abin da take fitarwa waje. Daga 1970 ta buɗe ƙofa ga masana'antun saƙa da ɗinki, daga baya otal-otal na masu yawon buɗe ido da bankuna suka biyo. Ana yawan buga misali da ita a Afirka. Amma a shekarun da suka gabaci annobar korona, yayin da rashin aikin yi a ƙasar baki ɗaya yake wajen kashi 7 cikin ɗari, na matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 ya haura kashi 20. Wato a cikin matasa biyar masu neman aiki, aƙalla ɗaya yana zaune a gida.

Babbar dokar da ke tsara hulɗar ma'aikaci da ubangidansa ita ce dokar haƙƙin ma'aikata ta 2019, wadda ta maye gurbin ta 2008. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 16 ba aiki, ta kuma sanya awa 45 a matsayin aikin mako. Kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ba ya rage ma'aikata haka kawai da ka, sai ya kai maganar gaban wata hukuma da aka kafa domin sauraren dalilansa. Idan aka kori mutum ba bisa ƙa'ida ba, ana iya tilasta wa kamfanin ya biya shi albashin wata uku a kan kowace shekara da ya yi yana aiki.

Sashen da ya fi taɓa rayuwar talaka shi ne tsarin da suke kira Workfare. Wanda ya rasa aikinsa bayan ya yi aƙalla kwana 180 a jere a wuri guda yana zuwa ofishin ƙwadago ya yi rajista, sai a riƙa ba shi kuɗin riƙon ƙwarya har tsawon shekara guda. Kuɗin raguwa suke yi da gangan. A ɗauka mai ɗinki ce a wata masana'anta, albashinta rupi 18,000 a wata (rupi shi ne kuɗin ƙasar), aka rufe sashenta. Wata uku na farko za ta karɓi kashi 90 cikin ɗari, wato rupi 16,200 duk wata. Daga wata na huɗu zuwa na shida ya koma kashi 60, rupi 10,800. Sauran wata shidan kashi 30 ne, rupi 5,400, wanda ba zai riƙe gida ba. Manufar a fili take: a tare mutum kada ya faɗi warwas, amma kada ya miƙe ƙafa. Idan ta sami wani aikin, biyan ya tsaya.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk wannan kariya ta wanda ya riga ya shiga ce. Ƙanwar mai ɗinkin nan, wadda ta gama jami'a bara, ba ta da kwana 180, ba ta da albashin da za a lissafa kashi 90 a kansa. Dokar ba ta ganinta. Ko'ina ta kai takardunta a Port Louis, babban birnin ƙasar, tambaya ɗaya ce: a ina kika taɓa aiki? Ba a ɗaukarta don ba ta da gogewa, ba ta kuma da inda za ta goge tunda ba a ɗauke ta ba.

Wannan giɓin ne gwamnati ta nemi cikewa da shirin ɗaukar matasa aiki na YEP, wanda aka fara a 2013. Matashi marar aiki yana yin rajista, a tura shi wani kamfani ya yi shekara guda yana aiki yana koyo. Kamfanin ne ke biyansa alawus duk wata, gwargwadon takardar karatunsa, mai digiri ya fi mai shaidar sakandare. Daga baya gwamnati ta mayar wa kamfanin da rabin kuɗin, zuwa wani adadi da aka ƙayyade, ta kuma taimaka da kuɗin horo. Da farko iyakar shekaru 30 ce, aka ɗaga zuwa 35. Wanda ya san N-Power a Najeriya zai ga kama, sai dai a Morishus an fi karkata ga kamfanoni masu zaman kansu, domin can ake fatan matashin ya zauna.

Na yarda da tushen tunanin. Mai kamfani yana tsoron ɗaukar sabon jini saboda bai san hannunsa ba, ga shi doka ta sa sallama da wuya. Idan aka raba masa nauyin shekarar farko, tsoron ya ragu. Matashin kuma ya koyi abin da aji ba ya koyarwa: zuwa a kan lokaci, rubuta wasiƙar ofis, haƙuri da abokin ciniki mai faɗa.

Damuwata tana kan wata na goma sha uku. Kamfanin da ba shi da niyyar alheri zai iya sallamar yarinyar ranar da tallafi ya ƙare, ya ɗauko wata sabuwa a rabin farashi, haka shekara bayan shekara. A takarda za a ce an sama wa matasa da yawa gurbi, alhali kujera ɗaya ce ake ta juyawa. Akwai kuma kamfanin da dama can zai ɗauki ma'aikacin ko babu tallafi, sai kuɗin jama'a ya tafi inda ba a buƙatarsa. Shi ya sa a ganina ma'aunin shirin shi ne mutum nawa ke bakin aikinsu shekara guda bayan gwamnati ta janye hannu.

Wani abin da kan ɗaure wa baƙo kai shi ne, tsibirin da matasansa ke neman aiki yana shigo da dubban ma'aikata daga Bangaladash da Indiya da Nepal da Madagaska, su ne a masana'antun ɗinki da wuraren gini da gidajen burodi. Wasu na cewa matasan ne suka raina aikin hannu. Ban ga adalci a wannan hukunci ba. Karatun sakandare kyauta ne a ƙasar tun 1977, na jami'o'in gwamnati ya zama kyauta a 2019. Iyayen da suka yi rayuwarsu a gonar rake ko gaban keken ɗinki sun tura 'ya'yansu makaranta ne domin su tsere wa wannan wahalar. Yaron da aka ce masa ya yi karatu ya yi, sai ya tarar ofisoshin da ke tsibirin ba su isa kowa ba, kuma ba shi da wani babban birni na kusa da zai hau mota ya je. Teku ne ta ko'ina. Wanda ya sami hanya sai ya nufi Kanada ko Faransa ko Ostireliya.

Gwamnati ta gwada ɗaga darajar ƙananan ayyukan. A Janairun 2018 aka kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya, rupi 8,140 a wata, a Janairun 2024 ya kai 16,500. Hakan ya sa aikin otal ko shago ya fi jan hankalin matashi, amma ya ƙara wa ƙaramin ɗan kasuwa tsadar ɗaukar wanda bai iya komai ba tukuna. Ga shi haihuwa ta yi ƙasa ƙwarai, tsofaffi masu karɓar fansho suna ƙaruwa, kuma daga albashin matasan nan ake sa ran tara kuɗin da za a biya su.