Cutar Soriyasis: Me Masu Fama da Ita Ke Nema a Wajen Likita?

Wace irin cuta ce?

Cutar fata ce mai daɗewa, tana lafawa tana tashi. Garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa sabuntawa cikin 'yan kwanaki, alhali ya kamata ta ɗauki kusan wata. Sai fatar ta taru ta yi kauri, tana ɓawo tana ƙaiƙayi, galibi a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko kaɗan. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa babbar cuta ce cikin marasa yaɗuwa.

Tunda akwai magani, me ya sa da yawa ba sa gamsuwa?

Domin abin da likita ke aunawa daban, abin da ke damun mara lafiya daban. Likita yakan duba faɗin wurin da ta kama da kaurinsa. Mai ita kuwa ƙaiƙayin da ke hana shi barci ne a ransa, da ɓawon da ke zuba a kafaɗar riga, da mutanen da ke janye hannu idan ya miƙa nasa. Ɗan tabo a tafin hannu ko a al'aura na iya dagula rayuwa fiye da babba a gadon baya.

Ga gajiyar shafa man magani safe da yamma, wata da watanni. Wanda ba a faɗa masa tun farko cewa maganin danne cutar yake ba warkar da ita ba, ranar da ta dawo zai ɗauka an yaudare shi, ya watsar. Ban ga laifinsa ba.

Idan man shafawa ya gaza fa?

Akwai haska fata da hasken UVB (wani nau'in haske da ake samu a hasken rana), da ƙwayoyi irin su methotrexate masu buƙatar gwajin jini akai-akai, da allurai irin su adalimumab, masu ƙarfi amma masu tsada.

Me ya kamata a duba bayan fata?

Gaɓɓai. Har kusan kashi 30 cikin ɗari na iya samun amosanin gaɓɓai, kuma jinkirin magani na iya lalata gaɓa har abada. Sai hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon damuwa. Akwai takardar DLQI mai tambayoyi 10 kan yadda cutar ta taɓa rayuwar mutum a makon da ya wuce. Idan ba a ba ka ba, ka nema.