Tambayoyin masu son yin dokumentari kan waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu

Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, matasan Kano ke ta turo min tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa, don Allah kada a sake.

Wace kyamara zan saya?

Wayarka ta isa. Makirfo za ka saya. Fim ɗin da ba a jin maganar mutane aikin banza ne.

Sai na je Maiduguri ko Mokwa?

Wa ya ce? Ga Ringim da Haɗeja nan kusa, ruwa ya sha cinye musu gonaki da gidaje. Ko cikin birni, leƙa unguwannin bakin Jakara bayan ruwan Agusta.

Zan ba su kuɗi kafin su yi magana?

To, nan ne gizo ke saƙar. Idan ka miƙa kuɗi tun farko, gobe za ka tarar da layi, kowa da labarin da ya fi na jiya ban tausayi, kuma ba laifinsu ba ne, yunwa ce. Idan ka hana, ka zaunar da uwa ta wuni tana faɗa maka yadda katanga ta faɗa kan buhunan geronta, ka naɗe kayanka ka tafi, wannan ma rashin kunya ne. Ni dai, a mafi yawan lokuta, ina ganin a gama hira tukuna, sannan a kai ɗan hatsi ko sabulu ta hannun mai unguwa, a gaban jama'a. Amma ya danganta: wani wurin abin ba ya isa hannun wanda aka nufa, wani wurin tsohuwa za ta ji haushi ka mai da ita mabaraciya. Wanda ya bar aikinsa ya yi maka jagora kuwa, biya shi, haƙƙinsa ne. Kuma kada ka ce fim ɗinka zai kawo tallafin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA. Ba kai ke rabo ba.

Yara da mata fa?

Izinin iyaye da na maigida da na ita matar kanta. Ta ce a'a, sauke waya.

Na makara, ruwa ya janye?

Kwantar da hankalinka. 'Yan jarida sun ɗauki ruwan. Kai je ka ranar da za a koma karatu, a ce wa masu kwana a ajin firamare su kwashe tabarminsu, ka bi su ka ga inda za su.