A saita kwamfutar asibiti ta riƙa kashe kanta da yamma

Wannan bayani na ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara ne a Jigawa da Kano, musamman masu riƙe da rajista da masu shigar da rahoton wata.

A wurare da yawa da aka sa wa sola, batiri ɗaya ne ke ɗaukar komai: kwamfutar ofis, fanka, cajin waya, da fitilar ɗakin haihuwa. Idan aka tashi aiki da la'asar aka bar kwamfuta a kunne, ita za ta kwana tana zuƙar wutar da ungozoma za ta nema ƙarfe biyun dare. Lissafin ba wuya. Batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, 1,200 ke nan. A ƙaddara kwamfutar tebur da allonta suna cin wat 80 ko ba a taɓa su. Daga shida na yamma zuwa shida na safe sun lashe 960. Abin da ya saura bai taka kara ya karya ba, ga inbata ita ma tana cin nata. Balle a watan Agusta da hadari ke rufe rana, ko da hunturu in ƙura ta lulluɓe farantan sola, lokacin da batirin ma bai cika ba tun farko.

Faɗa da gargaɗi ba sa magance mantuwa. Gara a bar wa kwamfutar ta kashe kanta, kuma ba sai an sayi wata manhaja ba, domin Windows na ɗauke da abin da ake bukata.

Hanya mafi sauƙi ta rana ɗaya ce. A danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, a rubuta:

shutdown /s /t 3600

Harafin s na nufin kashewa, t kuma lokacin jira ne, amma da daƙiƙa ake ƙirga shi: 300 minti biyar, 900 minti goma sha biyar, 1800 rabin awa, 3600 awa guda. Wannan ya dace da wanda ya bar rahoto yana hawa intanet a hankali, shi kuma zai tafi masallaci ko gida. In an canja shawara, a rubuta shutdown /a, umarnin ya warware. In sake kunnawa ake so, a sa /r a madadin /s. A kula da tazarar da ke gaban kowace sanda (/). Idan aka haɗe su wuri guda, umarnin na iya ƙin aiki.

Na kullum kuwa, Task Scheduler ake amfani da shi, wato sashen Windows mai gudanar da aiki a lokacin da aka sa masa. A akwatin nan dai, a rubuta taskschd.msc. A ɓangaren dama a zaɓi "Create Basic Task", a ba shi suna da kowa zai gane, kamar Kashewar Yamma. A zaɓi "Daily", a sa lokaci, misali 18:00. Sai "Start a program". A gurbin farko a rubuta shutdown, a gurbin "Add arguments" kuma a rubuta:

/s /t 600 /c "Za a kashe kwamfuta nan da minti goma. A adana aiki."

Wannan minti goman ba ado ba ne. Duk lokacin da aka sa jira fiye da sifiri, Windows na rufe manhajoji da ƙarfi idan wa'adin ya cika, ba za ta tsaya tambayar ko an adana ba. Wanda ya cika layi ɗari biyu a Excel bai danna Ctrl da S ba, yana iya tarar da wani ɓangare ya salwanta. Haka shafin DHIS2, manhajar shigar da rahoton lafiya, da aka cika a lokacin da sabis ya yanke: a tabbatar bayanan sun hau kafin a tashi. Saboda haka a yi wa umarnin sokewa gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta. A danna linzami ta dama, "New", "Shortcut", a rubuta shutdown /a, a sa masa suna Dakatar. Malamar da ke tsakiyar aiki ta danna shi sau biyu ta ci gaba, kashewar gobe kuma tana nan daram.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an gama saitin, don akwai wasu ƙananan akwatuna a ɓoye. A buɗe aikin da aka ƙirƙira a duba shafin "Conditions". Akwai alama da ke zuwa a kan "Start the task only if the computer is on AC power". Ma'anarta, in laftof ce kuma ba ta jone da caja, aikin ba zai gudana ba. A cire alamar. A nan ne kuma ake samun "Wake the computer to run this task". Kwamfutar da ta yi barci ba ta san shida ta yi ba sai an ba ta izinin farkawa.

A shafin "Settings" akwai wani da ya kamata a bari babu alama, wato "Run task as soon as possible after a scheduled start is missed". Idan aka sa masa alama, ranar da wuta ta ɗauke ƙarfe huɗu, washegari da an kunna kwamfuta sai ta tuna bashin jiya, ta fara ƙirgen kashe kanta alhali mata sun yi layin awo. Mutane kan ɗauka lalacewa ta yi, har a ɗauke ta zuwa Dutse ko Kano wurin mai gyara, nan kuwa akwati ɗaya ne. A shafin "General" ma, in ana fita daga asusun mai amfani kafin a tafi gida, sai an zaɓi "Run whether user is logged on or not", kuma zai nemi kalmar sirri. Duk ranar da aka canja kalmar, a dawo nan a sabunta ta.

Sai agogo. Duk wannan tsari a kan agogon kwamfuta ya dogara, shi kuma wani ɗan batiri mai kama da kwabo ne ke riƙe da shi a cikin kwamfutar, lambarsa CR2032, bolt 3. Kwamfutocin da aka sayo na hannu sau da yawa nasu ya riga ya mutu. Alamarsa, duk safiya kwanan wata ya koma baya da shekaru. A canja shi, a kuma tabbatar yankin lokaci yana kan "West Central Africa", awa ɗaya gaba da agogon GMT.

Ba kowace rana ce daidai da 'yar'uwarta ba. Ranar kasuwar gari, ranar rigakafi da ƙarshen wata aiki kan kai magariba. Maimakon "Daily" ana iya zaɓar "Weekly", a sa wa ranakun da aka saba tashi da wuri lokacinsu, a buɗe wani aiki daban na ranakun cunkoso. Asibitin da ke kwana a buɗe kuma, ya fi dacewa da zaɓin "idle" da ke shafin "Conditions", yadda ba za ta mutu ba sai an jima ba a taɓa ta ba.

Sake kunnawa daban yake da kashewa. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup: idan aka kashe ta maɓallin Start, kwamfutar ba ta wanke kanta gaba ɗaya, tana ajiye wani sashe don ta yi saurin tashi. Shi ya sa za a ga ana kashe ta kullum amma nauyi na ƙaruwa. A danna Ctrl, Shift da Esc, a shiga "Performance", a duba "Up time", wato tsawon lokacin da ta yi tun cikakkiyar kashewa ta ƙarshe. Wani lokaci sai a ga kwana ashirin. Umarnin shutdown /s yana yin cikakkiyar kashewa, /r ma haka. Ga kwamfutar da ba a kashewa da dare, a saita /r /t 300 sau ɗaya a mako. Lokacin sallar Juma'a ya dace, rana na sama, batiri ya ƙoshi, tebur kuma babu kowa. Microsoft na sakin gyare-gyarenta Talata ta biyu a kowane wata, kuma yawancinsu sai an sake kunnawa suke kammala. In allo ya nuna ana sabuntawa, kada a zare waya ko a kashe inbata, ko da an makara.

Task Scheduler ba ya iya tayar da kwamfutar da ta mutu ɗungurungum. Wannan aikin BIOS ne, wato saitin da ke tashi kafin Windows. Da an kunna kwamfuta ana shiga da F2 a Dell, F10 a HP, a nemi "Auto On Time" ko "RTC Alarm". A wurin da sola ce kaɗai madogara ba a ba da shawarar yin haka, domin da sassafe ne batiri ya fi galabaita. In dole ne, a sa tara na safe.

Akwai manhajoji irin su Wise Auto Shutdown masu sauƙin dannawa, aikinsu kusan ɗaya da wanda aka bayyana. Wanda zai ɗauka ya ɗauko daga shafin masu ita, ba daga filashin da ya zaga shaguna goma ba, don kwamfutar da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ba wurin gwaji ba ce.

Kashewar ba ta raba kwamfuta da soket. Firinta, allo da caja suna ci gaba da ɗan sha, kuma tsawar damina ba ruwanta da a kunne ko a kashe, don haka mai gadi ko wanda ya fita ƙarshe ya zare waya in hadari ya taso. Kafin a dogara da saitin, a gwada shi da rana: a danna sunan aikin ta dama, a zaɓi "Run", a ga saƙon ya fito, sannan a danna Dakatar. A rubuta lokacin kashewa a takarda, a manna ta a gefen allo saboda ma'aikacin da zai karɓi aiki.