Daga amalanken kondem zuwa masana'antun Tema: fashin baƙin dokar tarkacen lantarki ta Ghana

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwannin Nima ko Mamobi na birnin Akra ya san kiran nan na hantsi: "Kondem! Kondem!" Saurayi ne mai sayen matattun kaya, wato ɗan kondem, yake turo amalanke, da ƙaramin sikeli rataye a gefe, da guntun mayen ƙarfe a aljihu. Hajiya ta fito masa da matacciyar fanka. Sai ya manna mayen ƙarfen a jikinta. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa kaɗan. In bai kama ba, fuskarsa ta saki, domin alminiyam ne ko tagulla. Ya leƙa cikin injin ya ga naɗin jar waya, a yi ciniki, ta karɓi 'yan sidinta ta koma ciki. Ita a wurinta magana ta ƙare. A wurin doka kuwa, a nan ne ma ta fara.

A shekarar 2016 majalisar dokokin Ghana ta zartar da Doka mai lamba 917, wadda ta shafi shara mai guba da tarkacen kayan lantarki, aka kuma bi ta da ƙa'idojin aiwatarwa da ake kira LI 2250. Hukumar Kare Muhalli, wato EPA, aka ɗora wa nauyin kula da ita. A farkon 2025 aka yi sabuwar Dokar Kare Muhalli mai lamba 1124, wadda ta maye gurbin ta 2016, ta tattara dokokin muhalli wuri guda, har da wannan sha'ani na tarkace, ta kuma ƙara wa hukumar ƙarfi. Harsashin dai na 2016 ne, kuma shi zan bi.

Rabin farko na dokar bakin iyaka ya tsare. Tushensa yarjejeniyar Basel ce ta 1989, wadda aka ƙulla bayan abubuwa irin na garin Koko a Najeriya, inda a 1988 aka jibge gangunan guba da aka kwaso daga Italiya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ba a shigo da shara mai guba, ba a fita da ita, ba a ratsa ƙasa da ita, sai da sanarwa tun kafin tafiya da kuma izini a rubuce. Wanda ya yi fasa-ƙwaurinta laifi ya aikata, akwai tara, akwai ɗauri.

Wannan ya taɓa 'yan kasuwarmu masu kawo kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema kai tsaye. Wani binciken ƙasa da aka fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa a 2009 an shigo da kayan lantarki kimanin tan 215,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na hannu ne. Mafi yawansu suna aiki ko suna gyaruwa, amma akwai wani kaso da tun daga jirgi gawa ne. Dokar ba ta haramta kayan hannu baki ɗaya ba, kuma da ta yi haka da ta cuci talaka, don da yawanmu kwamfutar farko da muka taɓa ta hannu ce. Abin da take nema shi ne a bambance kaya da shara. Talabijin ɗin da ba ya kunnuwa kuma ba ya gyaruwa shara ne, ko da takardar kwantena ta kira shi kaya. Firji da na'urar sanyaya ɗaki na hannu kuwa hukuncinsu daban ne: ƙa'idar LI 1932 ta 2008 ta hana shigo da su, saboda shan wutarsu, kuma Hukumar Makamashi ce take bin wannan.

Rabi na biyu ne zuciyar maganar, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya.

Duk mai ƙera kayan lantarki ko mai shigo da su, sababbi ne ko na hannu, sai ya yi rajista da EPA, sannan ya biya wani haraji na muhalli tun kafin kayan su shiga kasuwa. Tayoyin mota ma suna cikin jerin. Ma'anar harajin ita ce: kowace waya, kowane firji, akwai ranar da zai mutu, kuma kwance shi ba tare da an cutar da kowa ba yana cin kuɗi. To a biya kuɗin tun ranar shigowa, lokacin da kayan suke da daraja kuma akwai wanda za a kama. In aka jira sai ya mutu, babu mai shi, sai kwata. Ɗan kasuwa ne yake biya a tasha, amma kowa ya san zai ɗora a kan farashi, saboda haka Hajiyar nan da ta sayi fankar ita ce ta biya tun farko. Wannan ya ba ta haƙƙin ta tambayi inda kuɗin suka shiga.

Dokar ta ba da amsa. Kuɗin suna shiga wani asusu na musamman, kuma ta fayyace yadda za a raba su: kaso mafi tsoka don gina wuraren sarrafa tarkace da kula da su, wani don tattarawa da cibiyoyin karɓa, wani ga hukuma da ma'aikatar muhalli, sauran kuma bincike da sa ido da horar da ƙungiyoyin masu sana'a. Ta kuma ɗora wa mai ƙerawa da dillali da mai sayar da sari wajibcin karɓar mataccen kayan da suka sayar domin a sarrafa shi. Mutane ƙalilan ne suka san wannan sashe. Shi kuma mai son buɗe wurin tattarawa ko kwancewa ko narkarwa, sai da izinin hukuma, kuma sai ya yi aikin ta hanyar da ba ta ɓata iska da ruwa da ƙasa.

Me ya sa sai an sa kuɗi a ciki, alhali 'yan kondem suna kwashe komai ba tare da gwamnati ta biya su ko pesuwa ɗaya ba? Saboda ba komai suke kwashewa ba. Suna ɗaukar abin da yake da kasuwa. Baƙin ƙarfe yana tafiya masana'antun Tema a narka shi ya dawo rodin gini, kuma don kada waɗannan masana'antu su rasa abin narkawa ne aka hana fitar da tarkacen baƙin ƙarfe waje da ƙa'idar LI 2201 ta 2013. Alminiyam yana zuwa wurin masu zubin tukwane, ya dawo tukunyar da ake dafa wake da shinkafa a bakin titi. Abin da yake da sauran rai a jikin waya ko kwamfuta yana komawa hannun masu gyara na Tip Toe Lane da Zongo Lane a Akra, kamar yadda injin mota yake samun rai na biyu a Suame Magazine ta Kumasi. Abin da masana suke kira tattalin arziki mai zagayawa ke nan, kaya ya zaga ya dawo maimakon ya ƙare a juji, kuma mutanenmu sun daɗe suna yin sa tun kafin a raɗa masa suna.

Matsalar tana wurin ragowar da ba ta da mai saye. Gilashin tsohon talabijin mai ƙeya cike yake da dalma. Dogon ƙwan fitila akwai zaiba a cikinsa. Firji akwai iskar gas da soson bango. Batirin mota akwai ruwan asid da dalma. Sannan ga siririyar waya, wadda feƙe robarta da wuƙa yake cinye yini guda, shi ya sa ake tara ta a cinna mata wuta da tsohuwar taya. Wannan baƙin hayaƙin ne ya sa a 2013 wata cibiyar Amurka mai suna Blacksmith ta saka Agbogbloshie, babban filin tarkace na Akra a lokacin, cikin wurare goma mafiya gurɓata a duniya. A 2019 kuma wani gwaji da aka yi wa ƙwan kajin da suke kiwo a wurin ya nuna cewa ƙwai ɗaya ya ninka har sau 220 abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci na gubar dayoksin a rana. Kajin nan a gidajen mutane suke kwana, 'ya'yan mutane ne suke cin ƙwan. Harajin an yi shi ne don wannan ragowar, don a sa mata farashi ta yadda kai ta cibiya zai fi ƙona ta riba.

Kuma an gwada an gani. A 2018, da tallafin Jamus, aka yi gwaji a Agbogbloshie inda ake sayen wayar wuta da robarta a kan farashin da ya ɗan ɗara abin da mai ƙonawa zai samu, a biya shi ta momo, wato a tura masa kuɗin ta wayar salula. Samari suka riƙa kawowa. Wani yaron gidanmu da yake wannan sana'a ya taɓa ce mini, yana nuna mini tabon ƙuna a bayan hannunsa: "Kawu, wa yake son hayaƙin nan? Da dare tari ba ya bari na na yi barci. A ba ni kuɗin da ya kai na tagulla ka gani ko zan sake kunna ashana." Ban da abin da zan ƙara a kan maganarsa.

A ranar 1 ga Yuli 2021 hukumomin yankin Akra suka rushe filin tarkacen Agbogbloshie, a daidai lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Ba na musun cewa wurin ya ƙazanta, wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Odaw ya sani. Amma rushe fili bai rage yawan firjin da yake mutuwa a Akra ba. Aikin ya watsu, wani ya shiga lungunan Old Fadama, unguwar da take maƙwabtaka da filin, wani ya koma bayan gidaje, kusa da inda ake girki da inda yara suke wasa. A ganina wannan ya saɓa wa manufar dokar, domin ita tattarawa take so, a wurin da ido zai iya kaiwa. Samarin nan, waɗanda da yawansu daga arewacin ƙasar suka zo neman abinci, su ne hannun da yake shiga kowane lungu. Babu motar kamfanin da za ta shiga lungunan Nima ta fito da fanka ɗaya.

Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata shugabannin 'yan kondem da sarakunan zango su riƙa nema a fili shi ne: cibiyoyin karɓa kusa da unguwanni, da farashin da aka sani na wayar wuta da batir da gilashi, da bayanin abin da asusun ya tara da inda ya kashe. Rajistar ƙungiya tana da amfani a nan, don hukuma ta fi sauraron ƙungiya mai takarda fiye da mutum ɗaya mai amalanke, kuma izinin wurin aiki ya fi sauƙin samu in an haɗa kai.

Mu kuma na gida, namu bai da yawa. In batirin mota ko na sola ya mutu, kada a bari a tsiyaye ruwansa a kwata don ya yi sauƙin ɗauka, a sayar da shi yadda yake, a rufe, ga mai kai wa wurin da yake da izini. Kada a fasa dogon ƙwan fitila a cikin ɗaki. Firji kuma a bar shi ya fita daga gida da injinsa da bututunsa a haɗe. In za ka sayi sabo a babban shago, ka tambaye su ko suna karɓar tsohon da suka sayar maka, ka kuma ajiye rasit ɗinka.