Launin jiki a matsayin alamar inganci a tsuntsayen teku

Galibin tsuntsayen teku farare ne ko baƙaƙe ko ruwan toka, amma idan lokacin barbara ya zo wasunsu kan fito da launi mai haske a ƙafa, ko baki, ko fatar maƙogwaro. Masana halittu da dama na ganin wannan launi ne ke shaida wa abokin tarayya lafiyar mai shi da ƙwazonsa wajen neman abinci. Mazauna birnin Kano ba su saba ganin waɗannan tsuntsaye ba saboda nisan teku, sai dai dabarar ba baƙuwa ba ce gare su, domin mai sayen zakara a kasuwar Sabon Gari yakan duba jan tsoronsa kafin ya taya.

Tarihin ra'ayin

A 1871 Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa adon namiji ya samo asali ne daga zaɓin da mace ke yi. Takwaransa Alfred Russel Wallace bai gamsu ba, kuma batun ya yi sanyi na kusan ƙarni guda. A 1975 Amotz Zahavi, masani daga Isra'ila, ya ce ado mai tsada ba ya ƙarya, tunda mai rauni ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. A 1982 William Hamilton da Marlene Zuk suka ƙara da cewa hasken launi na iya nuna tsuntsun da jikinsa ke jure wa ƙwayoyin cuta.

Tushen launin

Mafi yawan launin ja da rawaya na fitowa ne daga sinadarin karotinoyid, wanda shi ke ba karas da manja launinsu. Jikin tsuntsu ba ya haɗa shi, sai ta abinci yake samu. Tsuntsun teku kuwa daga kifi da ƙananan halittun ruwa yake tsotsar nasa.

Bubi mai shuɗin ƙafa

Wannan tsuntsu, Sula nebouxii, yana zaune a tsibiran Galapagos da gaɓar Meksiko, kuma yana cikin waɗanda aka fi yin bincike a kansu. Namijin kan yi rawa gaban mace, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar mai ƙoshin lafiya shuɗiya ce garau da ta karkata zuwa kore. Masana Roxana Torres da Alberto Velando, da suka yi aiki a tsibirin Isabel na Meksiko tun wajen farkon shekarun 2000, sun gano cewa idan namiji ya yi sa'o'i 48 bai ci ba ƙafarsa kan dusashe, da ya ci kifi kuma sai hasken ya dawo. Da suka shafa wa ƙafafun wasu mazan launi mai duhu, matansu suka rage barbara da su. A wani gwajin kuma matan suka saka ƙwai na biyu ƙarami. Ke nan macen ba a ranar zaɓi kaɗai take duba ƙafar ba.

Sauran nau'o'i

Tsuntsun fengwin sarki na da launin ruwan lemo a gefen kai da baki, maza da mata duka. Bakin tsuntsun fafin na tekun Atilantika kan yi launi lokacin haihuwa, ya dusashe da hunturu.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko ƙarancin karotinoyid a abinci ne ke hana alamar yin ƙarya, ko kuwa iyawar jiki wajen sarrafa shi.