Waiwaye: ramar Steve Jobs da yadda ta riƙa kaɗa hantar masu kuɗi

Ranar Asabar na je Computer Village a Ikeja canjin skirin ɗin wayata, ina zaune kan benci a shagon wani mutumin garinmu ina jira sai yaronsa ya matso yana nuna min wai ya sayi shiya na Apple ta irin manhajojin nan da ake sayen hannun jarin Amurka daga nan Legas, ɗan abu ne bai taka kara ya karya ba amma yadda yake leƙa farashin duk bayan minti biyar sai ka ce shi ne mai kamfanin. Can sai ya ce min yaya, wai idan shugaban kamfani ya kwanta ciwo kuɗina zai iya narkewa? Na ce ai kamfanin da ka zuba kuɗinka ɗin nan ya fi kowa sanin amsa, shekara takwas cur aka yi ana ɓoyon kurciya da lafiyar mutum ɗaya.

Sai ka fara gane me ya sa mutum ɗayan nan ya yi nauyi haka. A 1985 aka ture Steve Jobs daga kamfanin da shi da abokinsa suka kafa, bayan tafiyarsa abubuwa suka yi ta lalacewa, lokacin da ya dawo ya karɓi ragama a 1997 Apple na daf da durƙushewa har sai da Microsoft, babban kishiyarsu fa, ya zuba dala miliyan 150. Daga nan iMac a 1998, iPod a 2001, iPhone a 2007. Toh masu hannun jari sun ga kamfanin ba shi, sun kuma gan shi da shi, ba wanda zai zo ya faɗa musu cewa wai mutum ɗaya ba komai ba ne.

A watan Oktoba 2003 likitoci suka gano yana da kansa a fankiriyas, wannan ɗan sashen da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Nasa irin wanda ba kasafai ake gani ba ne, mai tafiya a hankali wanda tiyata kan yi wa magani idan an yi da wuri. Shi kuma ya ƙi yarda a yanka shi, ya koma gwada tsarin abinci da wasu dabaru har kusan wata tara, daraktocin kamfanin sun sani suka yi gum. Sai ƙarshen Yuli 2004 aka yi aikin, washegari ya turo wa ma'aikata saƙo daga gadon asibiti cewa an cire kuma zai dawo a Satumba, Tim Cook, ɗaya daga cikin manyan jami'an kamfanin, zai riƙe kafin nan. Kasuwa ba ta wani girgiza ba don labarin ya zo ne da maganinsa a hannu. Zancen wata taran nan kuwa duniya ba ta ji shi ba sai 2008 da mujallar Fortune ta tono, kuma ni a ganina daga nan amana ta fara tsagewa, don wanda ya ɓoye maka sau ɗaya ko gaskiya ya faɗa daga baya sai ka sake dubawa.

2008 ɗin ita ce shekarar rikici. A watan Yuni ya hau dandamali zai nuna iPhone 3G, mutane suka bar kallon waya suka koma kallon wuyansa da yadda baƙar rigar nan ke lilo a jikinsa. Kamfanin ya ce ɗan ciwo ne irin wanda kowa ke yi yana shan magani. A Yuli da masu nazarin kasuwa suka tambaya wajen bayanin riba, mai kula da kuɗin kamfanin Peter Oppenheimer ya ce lafiyar Steve sha'aninsa ne na kansa, shikenan fa amsar kenan, shiya ya yi ƙasa. A ƙarshen Agusta kamfanin labarai na Bloomberg suka yi kuskuren sakin labarin rasuwarsa da suka rubuta suka ajiye, ko da yake sun janye nan take, shi kuma ya mai da abin raha a taron Satumba, a wani taron Oktoba ma har awon jininsa ya haska a allo, 110/70, aka yi dariya aka watse. Amma ranar 3 ga Oktoba wani ya rubuta a shafin iReport na CNN, inda a lokacin kowa ke iya saka labari, cewa Jobs ya samu bugun zuciya an garzaya da shi asibiti, ƙarya ce tsagwaronta, amma cikin mintuna farashin ya rikito biliyoyin dala suka bi iska kafin kamfanin ya ƙaryata ya farfaɗo. Abin lura shi ne ƙaryar ta ci kasuwa ne saboda ba wata gaskiya a ƙasa da za a auna ta da ita, inda aka yi shiru ai ko mahaukaci ya yi magana za a saurara.

Sai kuma Janairu 2009, wanda ni har yau shi ne ya fi ba ni mamaki. Ranar 5 ga wata ya fitar da wasiƙa cewa ramar tasa matsalar sinadaran jiki ce kuma maganinta mai sauƙi ne, yana nan a kujerarsa, shiya ya tashi. Kwana tara kacal, ranar 14, ya sake rubutowa cewa abin ya fi yadda ya zata sarƙaƙiya zai tafi hutu har ƙarshen Yuni. Wanda ya saya ranar 5 saboda wasiƙar farko fa, me za a ce masa? Cikin wannan hutun aka yi masa dashen hanta a wani asibiti a Memphis ta jihar Tennessee, masu hannun jari ba su ji ba sai a Yuni, kuma ba daga bakin Apple ba, a jaridar Wall Street Journal suka karanta.

Mu ƴan Najeriya wannan bai kamata ya zama mana baƙon abu ba, don a shekarar ce dai, Nuwamba 2009, aka fita da marigayi Umaru Musa Yar'adua zuwa Jidda, Allah ya jiƙansa, aka bar ƙasa da ji-ta-ji-ta wata da watanni ba a miƙa mulki ba har sai da majalisa ta nemo dabarar ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a Fabrairu 2010. Bambancin ɗaya ne kuma babba ne, shi Jobs duk sanda zai tafi yakan faɗi sunan wanda zai riƙe.

Dokar Amurka kanta ba ta fito ƙarara ta ce dole kamfani ya bayyana ciwon shugabansa ba. Abin da ta ce shi ne kar a ɓoye ko a karkatar da duk wani bayani da mai saka jari zai ɗauka da muhimmanci wajen saye ko sayarwa, kuma idan ka buɗe baki to kar ka faɗi rabi. Lauyoyi suka yi ta ja-in-ja kan ko hantar mutum na cikin wannan. Ni dai ina da tausayin mara lafiya, mu da aka raina da cewa ciwo sirri ne, ko mutum na gargara ka tambaya sai a ce maka jiki da sauƙi alhamdulillahi, kuma akwai mutunci a cikin hakan. Amma wanda ya karɓi kuɗin fanshon mutane yana juyawa, ya kuma yarda aka gina tallan kamfanin kacokan a kan fuskarsa, wallahi jikinsa ya daina zama nasa shi kaɗai. Ba sai an baje takardun asibiti ba, a dai faɗi ko zai iya aiki, in ba zai iya ba wa zai yi. Wasu sun yi hakan ba a mutu ba, Andy Grove shugaban Intel da kansa ya rubuta labarin kansar da ta kama shi a prostate, ɗan ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a Fortune a 1996, Larry Page na Google kuwa da muryarsa ta shaƙe a 2012 sai da ya kai Mayu 2013 kafin ya yi bayani.

Ga inda labarin ya juya. Lokacin da Jobs ya tafi hutun 2009 shiya ɗaya na ƙasa da dala 90, kuma a yi adalci lokacin duk kasuwannin duniya a kwance suke saboda rikicin bankuna, ba ciwonsa kaɗai ba ne. Kafin ya dawo ƙarshen Yuni ya kai wajen dala 140, an fitar da iPhone 3GS ba shi a dandamali kuma ta sayu. Wato ciwon da kansa ne ya riƙa yi wa Tim Cook gwaji a gaban jama'a, 2004 wata ɗaya, 2009 kusan wata shida, sai na uku ranar 17 ga Janairu 2011. Wannan na ukun ma da wayo aka sanar, ranar hutu ce a Amurka kasuwa a rufe, a Frankfurt ta Jamus ne farashin ya faɗi, washegari kuma suka fitar da sakamakon riba mafi girma da suka taɓa samu zuwa lokacin, tsoron ya bi ruwa. A Fabrairu wani asusun fanshon leburori ya kawo ƙudurin a tilasta wa kamfanin bayyana tsarin magaji a rubuce, daraktoci suka ce hakan zai ba kishiyoyi damar farauce musu manyan ma'aikata, ƙudurin ya faɗi amma wajen kashi 30 cikin ɗari sun goyi baya, wanda ba ƙaramin saƙo ba ne.

Ranar 24 ga Agusta 2011 ya ajiye muƙamin ya ba da shawarar a naɗa Cook. Shiya na sama da dala 370 a lokacin, a watan ne ma Apple ya fara shan gaban kamfanin mai na ExxonMobil a matsayin kamfani mafi daraja, kuma washegarin murabus ɗin faɗuwar ko kashi 1 cikin ɗari ba ta kai ba. Ya rasu ranar 5 ga Oktoba yana da shekara 56, kwana ɗaya bayan an nuna iPhone 4S, farashin kusan bai motsa ba. Ka duba fa, ƙaryar bugun zuciya a 2008 ta fi ainihin mutuwarsa girgiza kasuwa. A Agusta 2018 kamfanin ya kai dala tiriliyan 1.

Ina cikin wannan bayanin ne na tuna wani maigida da na sani a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, babban dillalin albasa, mutane da yawa sun ba shi kuɗi yana juya musu, ba takarda ba komai, duk lissafin wa ke binsa wa yake bi yana cikin kansa da wani ɗan littafi da shi kaɗai ke gane rubutun. Da ciwo ya kama shi aka tafi da shi gida Arewa, yaransa kullum amsarsu ɗaya ce Alhaji ya je ganin gida ne, sati biyu sati uku, ai kuwa sai masu kuɗi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya kowa da uzurinsa, wannan zai aurar da ƴa wancan zai biya haya, direbobin da ke kawo kaya bashi suka koma wa wani dillalin. Allah ya ba shi lafiya ya dawo, amma rumfar da ya tarar ba ita ya bari ba.

Mai shagon yana jin mu duk bai ce uffan ba yana ta ɗaura skirin da ɗan sukundireba. Na ce masa oga, kai yanzu in zazzaɓi ya kwantar da kai wata guda, wa ya san lambar sirrin asusun shagon nan da waɗanda ka ba waya bashi? Yaron ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ya goge wayar da gefen rigarsa ya miƙo min ya ce malam bakinka ya sari ɗanyen kashi, kawo kuɗin aikina.