Likitoci da Masu Ƙirƙira Masu Suna Bell

Bell sunan zuriya ne da ya yawaita a ƙasar Sikotland, musamman a kudancinta kusa da iyakar Ingila. Tsakanin tsakiyar ƙarni na 18 da farkon ƙarni na 20 an samu mutane da dama masu wannan suna da suka shahara, wasu a aikin likita, wasu a ƙirƙirar na'urori. Yawancinsu ba su haɗa jini ba, amma tunda suna ɗaya ne, ƙasa ɗaya, kuma zamaninsu ya yi kusa, ana yawan ɗora aikin wani a kan wani. Kuskuren da ya fi yawo shi ne zaton cewa ciwon shanyewar fuska da ake kira da sunan Bell ya samo sunan daga Alexander Graham Bell, mai wayar tarho.

In aka dubi yadda kowa ya koyi aikinsa, bambancin a fili yake. Likitocin fiɗan duk a Edinburgh suka yi horo. Masu ƙirƙirar kuwa daga wata sana'a dabam kowa ya ɓullo: ɗaya magini ne kuma kafinta, ɗaya limamin coci, ɗaya malamin kurame.

Gidan Benjamin Bell

Benjamin Bell (1749–1806) haifaffen Dumfries ne. Ya fara koyon aiki a hannun wani likitan garinsu, kamar yadda ake yi a lokacin, sannan ya tafi Edinburgh ya yi karatu, ya zama likitan fiɗa a babban asibitin birnin. Ya rubuta littafin tiyata mai juzu'i shida tsakanin 1783 da 1788, wanda aka fassara zuwa harsunan Turai da dama. Ya nace a kan cewa idan za a yanke hannu ko ƙafa a bar isasshiyar fata da za ta rufe dungun, domin ciwon ya warke da wuri. A 1793 ya kawo hujjar cewa ciwon sanyi da tunjere cututtuka biyu ne dabam, a lokacin da manyan likitoci ke ɗaukar su abu guda.

Sana'ar ta zama gado a gidansa, har ta kai ga tattaɓa-kunnensa Joseph Bell (1837–1911). Joseph ya gama karatun likita a Edinburgh a 1859, ya koyar da tiyata, ya ba da ƙarfi wajen horar da ma'aikatan jinya, kuma ya shugabanci ƙungiyar likitocin fiɗa ta Edinburgh daga 1887. Shi ne ke duba Sarauniya Victoria idan ta je Sikotland. Sai dai abin da ya sa ake tuna shi a yau ba wuƙar tiyata ba ce, idonsa ne. Yakan kalli majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin mutumin ya buɗe baki. Wata rana ya ce wa wani mutum bai daɗe da barin soja ba, kuma a tsibirin Barbados ya yi aiki. Da ɗalibai suka nemi bayani, sai ya nuna musu cewa mutumin mai ladabi ne amma bai cire hularsa ba, wanda ɗabi'ar soja ce da bai riga ya saki ba, sannan tundurmin da ke damunsa ba ciwon Birtaniya ba ne, na ƙasashe masu zafi ne. Cikin ɗalibansa akwai Arthur Conan Doyle, wanda ya haɗu da shi a 1877 ya kuma yi masa aikin rubuta bayanan majiyyata. Doyle da kansa ya ce daga wannan malami ya ɗauko halin jami'in binciken nan na labaransa, Sherlock Holmes.

John da Charles

Waɗannan biyu wa da ƙane ne, kuma ba dangin Benjamin ba ne. Mahaifinsu limamin coci ne a Edinburgh, ya rasu Charles yana ƙarami, aka bar uwa da rainon yara cikin rashi. John Bell (1763–1820) ya buɗe makarantarsa ta koyar da ƙirar jikin ɗan Adam, yana zana hotunan littattafansa da hannunsa, kuma ya ƙware wajen ɗaure manyan jijiyoyin jini. Mutum ne mai kaifin baki. Rigimarsa da Farfesa James Gregory ta ƙare da hana shi aiki a babban asibitin birnin a 1800. Ya rasu a birnin Rum.

Charles Bell (1774–1842) a hannun wansa ya koyi fiɗa da zane. Da ya ga rigimar ta toshe masa hanya a gida, sai ya koma Landan a 1804. Littafinsa na 1806 masu zane ya yi wa, yana nuna musu yadda naman fuska ke motsi idan mutum ya yi fushi ko tsoro ko dariya, kuma wannan sha'awa ta fuska ita ta kai shi ga binciken da ya bar masa suna. A 1811 ya buga wani ɗan ƙaramin littafi ya raba wa abokai, inda ya ce jijiyoyin da ke fita daga laka ba aiki ɗaya suke yi ba. Ya lura cewa idan aka taɓa saiwar jijiyar da ke gaba naman jiki yakan motsa, ta baya kuwa ba ta sa motsi. Bafaranshen nan François Magendie ne ya kammala hujjar a 1822, ya nuna cewa ta gaba tana kai umarnin motsi, ta baya tana kawo saƙon ji. Aka yi ta jayayya kan wanda ya riga wani, daga ƙarshe aka haɗa sunayensu biyu a kan ƙa'idar. Masana tarihin likitanci da yawa na ganin Magendie ya fi cancantar yabon, kuma Charles bai kyauta ba da ya gyara kalmomin tsofaffin rubuce-rubucensa lokacin sake buga su.

A 1815, da labarin yaƙin Waterloo ya iso Landan, ya tafi Brussels ya yi kwanaki yana yi wa sojoji tiyata, yawanci yanke gaɓoɓi. Da yawa daga cikin waɗanda ya yanke ba su rayu ba, domin raunukan sun riga sun ruɓe kafin ya isa, kuma ba a san maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tukuna. Zanen da ya yi na raunukan yana nan a ajiye har yau.

A 1821 ya gabatar da bincikensa kan jijiyar da ke motsa fuska. Ya yanke ta a gefe ɗaya na fuskar jaki, sai hancin wannan gefen ya daina buɗewa da rufewa yayin numfashi, alhali dabbar tana jin taɓi a wurin. Haka ya gane cewa jijiyar motsin fuska dabam take da jijiyar jinta. Daga nan aka sa sunansa a kan ciwon da ke shanye ɓarin fuska farat ɗaya: baki ya karkace zuwa gefen mai lafiya, ido ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba ta gefen leɓe, goshin wannan gefen ya ƙi tattarewa. Wannan alama ta goshi tana taimaka wa likita ya bambance shi da shanyewar jiki da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, inda goshi yakan ci gaba da motsi. Yawancin masu ciwon suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni. Ba shi ne ya fara ganin ciwon ba, don likitocin Musulunci irin su Al-Razi da Ibn Sina sun bayyana shi ƙarnuka kafin haka. Gudummawarsa ita ce nuna jijiyar da abin ke shafa. An ba shi sarautar Sir a 1831, ya koma Edinburgh a matsayin farfesan tiyata a 1836.

Magini da limami

Henry Bell (1767–1830) bai yi karatu mai zurfi ba. Ya fara da aikin gini, ya koma koyon haɗa injin niƙa a wurin kawunsa, ya koyi sassaƙa samfurin jirgi, ya yi aiki a Landan ƙarƙashin injiniya John Rennie, sannan ya zauna a Glasgow yana kafinta. Daga baya shi da matarsa suka buɗe masauki a Helensburgh, a bakin kogin Clyde. A 1812 ya sa aka ƙera masa jirgin ruwa mai tururi, Comet. John Wood ya gina jikin jirgin a Port Glasgow, John Robertson ya haɗa injin, David Napier ya yi tukunyar tururin. Jirgin ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Glasgow da Greenock da Helensburgh, kuma shi ake ƙirgawa a matsayin jirgin tururi na farko da ya yi jigilar kasuwanci a kai a kai a Turai. Robert Fulton ya riga shi a Amurka tun 1807. Comet ya tarwatse a kan duwatsu a 1820, masu jari suka shigo da manyan jirage suka kwashe kasuwar, Henry ya mutu ba shi da abin hannu.

Patrick Bell (1799–1869) ɗan manomi ne daga Auchterhouse, yana karatun addini a Jami'ar St Andrews lokacin da wahalar girbi da lauje a gonar mahaifinsa ta sa shi tunanin inji. Abin da ya haɗa a 1828 yana da jerin wuƙaƙe masu aiki kamar almakashi, da wani abu mai juyawa da ke kwantar da karan hatsi a kansu, da shimfiɗar zane mai tafiya da ke zubar da abin da aka yanka a gefe. Dawakai biyu ke tura shi daga baya, don kada su tattake amfanin gona. Gwajin farko a cikin rumbu ya yi shi, ya shimfiɗa ƙasa ya kakkafa kara a ciki, sannan shi da ɗan'uwansa suka fita da injin gona da dare don gudun dariyar maƙwabta. Ya ƙi neman takardar mallakar ƙirƙirar, yana ganin abu ne da ya kamata kowa ya amfana da shi. Cyrus McCormick na Amurka, wanda ya karɓi tasa takardar a 1834, shi ya yi arziki da injin girbi. Patrick ya zama limamin cocin Carmyllie a 1843, a can ya ƙare rayuwarsa.

Alexander Graham Bell

An haife shi a Edinburgh ranar 3 ga Maris 1847. Sana'ar gidansu koyar da furuci ce da gyaran magana. Mahaifinsa, Alexander Melville Bell, ya ƙirƙiro alamomin rubutu masu nuna yadda harshe da leɓe ke tsayawa ga kowane sauti, mahaifiyarsa kuma kurma ce. Ya ɗauki darussan ƙirar jiki a Landan amma bai kammala ba. Bayan tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu, iyalin suka yi ƙaura zuwa Kanada a 1870. Shekara ɗaya bayan haka ya fara koyar da kurame a Boston, kuma matar da ya aura a 1877, Mabel Hubbard, ɗalibarsa ce da ta kurumce tun tana yarinya.

Likita ya taka rawa a hanyarsa ta zuwa wayar tarho. A 1874 wani likitan kunne na Boston, Clarence Blake, ya ba shi kunnen gawa, ya haɗa na'urar da idan aka yi magana a cikinta fatar dodon kunnen za ta girgiza ƙasusuwan ciki, wani siririn tsinke ya zana girgizar a kan gilashi mai hayaƙi. Ganin yadda fata mai laushi haka ke motsa ƙashi ya sa ya yi tunanin za ta iya motsa ƙarfe a gaban maganaɗisu. Lauyansa ya shigar da takardar neman mallaka ranar 14 ga Fabrairu 1876, ranar da wani mai ƙirƙira, Elisha Gray, shi ma ya kai sanarwar tasa na'urar mai kama da ita, abin da ya jawo shari'o'i na shekaru. An ba shi takardar ranar 7 ga Maris, bayan kwana uku ya kira mataimakinsa Thomas Watson ta cikin na'urar daga wani ɗaki.

A 1881 ya tsoma hannu a jinya kai tsaye. An harbi Shugaban Amurka James Garfield ranar 2 ga Yuli, likitoci suka kasa gano inda harsashin ya maƙale. Bell ya kawo na'urar lantarki mai yin ƙara idan ta kusanci ƙarfe, ya gwada sau biyu bai dace ba. Gadon shugaban yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa, sannan babban likitan, Willard Bliss, ya taƙaita binciken a gefen dama, inda ya haƙiƙance harsashin yake. Da Garfield ya rasu a watan Satumba aka buɗe gawar, sai aka same shi a gefen hagu. A wannan shekarar kuma jaririnsa ya mutu saboda matsalar numfashi, abin da ya sa ya ƙera wata rigar ƙarfe mai matsa ƙirji da sakinsa da famfon iska. Ya kuma ƙera na'urar gwajin ƙarfin ji. Jami'ar Heidelberg ta Jamus ta ba shi digirin girmamawa na likita a 1886, amma bai taɓa zama likita mai duba marasa lafiya ba. Ya rasu a Nova Scotia ranar 2 ga Agusta 1922.

Wanda ya yi karatun likita na gaske a danginsa shi ne ɗan baffansa, Chichester Bell (1848–1924), wanda ya yi karatu a Dublin sannan ya karkata ga kimiyyar sinadarai. Shi da Charles Sumner Tainter suka yi aiki a ɗakin binciken Volta da ke Washington, wanda Alexander ya kafa da kyautar faran 50,000 da gwamnatin Faransa ta ba shi a 1880. A can suka inganta na'urar ɗaukar murya ta Edison, suka sa kakin zuma a madadin fallen kuza. Ma'aunin ƙarfin sauti da likitocin kunne ke amfani da shi a yau, desibel, injiniyoyin kamfanin tarho na Bell ne suka sa masa suna a shekarun 1920 don girmama Alexander.